Gani Ya Kori Ji

Duk macen da ta taɓa kwana zaune da jariri mai ciwon kunne ta san kukan, ko daga bayan katanga ta jiyo shi. Kuka ne mai tsini, daban yake da na yunwa, daban yake da na rigima. A kwantar da yaron ya ƙara ƙaimi, a saɓa shi a kafaɗa ya ɗan lafa. A ba shi mama ya cafka da sauri, ya zuƙa sau biyu, ya saki ya callara ƙara kamar an tsikare shi. Haka ƙanwata ta kwana da ɗanta mai wata 11 a tsakiyar wani hunturu, gari na wayewa kuwa tsakar gida ta cika da likitoci marasa takarda. Kakarsa ta ce haƙori ne, a bar shi zai wuce. Maƙwabciya ta ce zazzaɓin sauro ne, a aika kemis. Wata da ta lura yana yawan kai hannu kunnensa na dama ta ce a matse ruwan albasa a ɗiga masa, haka ta yi wa nata su bakwai.

Ni aka tasa na kai su asibiti, don ni kaɗai ne namijin da bai riga ya fita ba. A can muka tarar da wata likitar yara, dattijuwa, mai magana a natse kamar ba ta ga layin da ke ƙofarta ba. Abin da ta yi bai ci minti goma ba, amma tun ranar nake juya shi a raina, har ta kai ni ga zama in karanta abin da ya sawwaƙa a kansa. Ashe wata sana'a na kalla a cikin sana'a, irin wadda ba a yi wa kirari, domin kafin mai kallo ya ankara an fara, har an gama.

Da baki ta soma. "Ya yi mura?" Ƙanwata ta ce yau kwana biyar yana majina. "Kunnen ya zubar da ruwa? Kin ga danshi a matashi ko a kafaɗar rigarki?" A'a. "An ɗiga masa wani abu? Gaya mini gaskiya, 'yata, ba faɗa zan yi miki ba." Ba a ɗiga ba, saura ƙiris dai. Ta duba katinsa: nauyi kilo 9, zafin jiki ya ɗan haura 39, gwajin zazzaɓin cizon sauro da aka yi masa tun a waje ya nuna babu. A ƙasarmu wannan gwajin ba ƙaramin abu ba ne, domin duk zafin jiki sauro muke ɗora wa, yara nawa ne suka sha maganin maleriya na kwana uku alhali wutar a kunne take ci.

Sai hannu. Ta danna ɗan guntsin nan da ke gadin ƙofar kunne, ta kama kunnen ta ɗan ja, idonta na kan fuskar yaron. Bai zabura ba. Daga baya na san dalili: in ciwon a fatar ramin kunne yake, ta waje, taɓawa kaɗai kan sa yaro ya daka tsalle, in kuwa can ciki yake, ja ba ya ƙara masa komai. Ta bi ƙashin bayan kunne da babban yatsa, hagu da dama, tana laluben kumburi. Ta leƙa maƙogwaro, ta duba dasashi, domin haƙori da maƙogwaro ma sukan aika wa kunne zafi alhali shi lafiyarsa ƙalau.

"Zaunar da shi a cinyarki, gefensa a jikinki. Matse ƙafafunsa tsakanin gwiwoyinki. Hannu ɗaya ki rungume hannuwansa, ɗayan ki manna kansa a ƙirjinki. Kada tausayi ya sa ki sassauta, sassaucin ne ke jawo rauni." Ta juya ga mai kukan: "Haba angona, yau ni kake yi wa wannan tsawar?" Ta ɗauko madubin kunne, ɗan abin nan mai kama da tocila, da gilashin ƙara girma ta baya da bakin roba ta gaba kamar mazurari. Cikin bakunan ta zaɓi mafi girman da zai shiga ramin. Riƙon alƙalami ta yi wa madubin, ta kafa ƙaramin yatsanta a kumatun yaron, ta yadda in ya fizge kai hannunta da madubin za su bi shi tare, bakin ba zai soke shi ba. Da lafiyayyen kunnen ta fara, don ta ga kamannin nasa na asali, kuma kada zafi ya ɓata cinikin tun da wuri. Ta ja kunnen ƙasa da baya. A babba sama da baya ake ja, a jariri ƙasa, saboda ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasarsa kuma tana sauyawa da girma. Daƙiƙa biyar a hagu, kamar goma a dama. Ta ɗago ta ce, "Na dama ne. Ya cika, ya turo."

Kafin a gane abin da ta gani sai an san fasalin gidan. Ramin kunne zaure ne, tsawonsa a babban mutum wajen santimita biyu da rabi. A ƙarshensa dodon kunne yake, 'yar fatar da faɗinta bai wuce santimita ɗaya ba, siririya kamar ɓawon albasa. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai cike da iska, shi ne kunnen tsakiya, inda ƙananan ƙasusuwa uku ke jere suna miƙa wa juna sauti. Autansu, wanda ya fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ɗakin ba shi da ƙofa. Abin da yake da shi rariya ce guda ɗaya, wani siririn bututu da ke gangarawa ya ɓullo a bayan hanci, saman maƙogwaro. Shi ne ke yin ƙas in ka haɗiyi yawu mota na Hawan Kibo, ko jirgi na sauka. Likitoci na kiransa da sunan Bartolomeo Eustachi, masanin sassan jiki ɗan Italiya da ya siffanta shi a ƙarni na 16.

Duk rikicin daga rariyar nan yake. A babba tsawonta wajen milimita 35 ne, a gangare take. A jariri kusan rabin haka ce, ga ta a kwance, ga laushi. Mura ta zo, cikin hanci ya kumbura, bakin rariya ya toshe. Iskar ɗakin jiki ya shanye ta, ruwa ya tsattsafo ya taru, ƙwayoyin cutar da dama can ke zaman haya a bayan hanci su samu hanya su shige. Wanda rariyar gidansa ta taɓa toshewa a tsakiyar Agusta ya san sauran labarin. Uku ne suka yi ƙaurin suna a wannan aikin: Streptococcus pneumoniae, wadda ita ce kuma ke jawo ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau, sai Haemophilus influenzae, sai Moraxella catarrhalis. Wani sa'in kuma bairas ɗin murar ne kaɗai ke ɓarnarsa. Mugunya ta cika ɗakin, ba ta da mafita, sai ta riƙa tura dodon kunne waje, wannan turin shi ne azabar. Shi ya sa ciwon ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 2, mafi yawan yara kuma kan yi shi aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 3. Hayaƙin itace a madafa, hayaƙin sigari, cunkoson ɗaki, ƙyanda, tamowa, ba wa jariri fida yana kwance rigingine, duk suna rura wutar.

Yanzu ga inda gwanintar take. Lafiyayyen dodon kunne toka-toka ne mai sheƙi, ana ɗan hango abin da ke bayansa, a loɓe yake kaɗan zuwa ciki. Ana ganin sandar ƙashin farko manne da shi, hasken fitila kuma na dawowa daga gefensa na ƙasa kamar ɗan yankan lemo. Mai ciwo kuwa ya dushe, ya yi ja ko ruwan ɗorawa, sandar ƙashin ta nutse, hasken ya watse, gefuna sun kumburo sun bar tsakiya a loɓe. Da likitar ta ga na zura ido sai ta ce, "Malam, ka san gammo? To haka yake. Zo ka leƙa." Na leƙa. Wallahi ban ga komai ba sai ja da duhu da 'yan gasu. Abin da ta karanta cikin daƙiƙa goma, a ramin da bai fi kaurin fensir ba, kan yaro na girgiza, ni ko inda zan ajiye idon ban sani ba.

Jan da na gani ma, in ji ta, ba hujja ba ne. Yaron da ya sha kuka dodon kunnensa kan yi ja kamar yadda idonsa ke yi, zazzaɓi ma na sa haka. Sabon hannu yana ganin ja sai ya rubuta magani. Gwani turowa yake nema. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2013, ba a cewa yaro na da wannan ciwon sai an ga dodon ya kumburo sosai, ko an ga sabuwar mugunyar da ba daga fatar ramin ta fito ba. In kumburin kaɗan ne, sai ya haɗu da ciwon da bai wuce sa'a 48 da farawa ba, ko ja mai tsanani. In babu ruwa a bayan dodon, to a nemi dalilin kukan a wani wuri.

To ta yaya ake sanin akwai ruwa a ɗakin da ba a iya shiga? A jikin madubinta akwai 'yar roba irin ta abin awon jini. Tana matsa ta kaɗan sai iska ta bugi dodon kunnen. Lafiyayye yakan kaɗa ya dawo kamar labulen da iska ta taɓa. Mai ruwa a baya sai ya tsaya ƙiƙam kamar salka cike. A nan na gane dalilin zaɓen babban baki: sai ya toshe ramin ruf sannan iskar ba ta zurarewa. Wani likita Bajamushe, Emil Siegle, ya ƙirƙiro wannan dabara a 1864, ga shi fiye da shekara 150 tana nan tana aiki, ba ta neman lantarki ko intanet, batir biyu da ido kawai.

Sau da yawa ma kafin a kai ga dodon sai an yi fama da daudar kunne da ta tare zauren. Gwani yakan zaro ta da wani ɗan siririn cokali, yana gani yana ja. Mu kuwa a gida da ashana da gashin kaza da tsinken auduga muke yi, a makance, muna ƙara cusa ta ciki muna cewa mun share. A irin wannan leƙen ne kuma akan tarar ciwon kunnen ashe ƙwayar masara ce, ko dutsen ado, ko ɗan kyankyaso.

Abu na farko da ta rubuta maganin zafi ne. Farasitamol, ko ibufurofen, gwargwadon nauyin yaro. Asfirin kuwa ba a ba yara. Ta ce ko wane irin magani za a ba shi, daren farko wannan ne zai sa a yi barci. Sannan ta rubuta amoksisilin, saboda bai kai shekara 2 ba kuma zafin jikinsa ya haura 39. Da nauyinsa ta yi lissafi, miligiram 80 zuwa 90 a kowane kilo a yini, a raba biyu, safe da dare, kwana 10. Wannan "cokali ɗaya sau uku" da ake faɗa wa kowa a kanti, jariri da ɗan shekara biyar, ba ta san shi ba. "Ko jibi kika ga yana dariya, ki ƙarasa. In kwana biyu zuwa uku suka wuce zazzaɓin bai sauka ba, ki dawo mini da shi, akwai wanda ya fi wannan ƙarfi." Bai kai ga haka ba. Kwana biyu ya koma ɓarnarsa.

Abin da ya fi burge ni sai bayan wasu watanni ya faru, da tawa 'yar mai shekara 4 ta tashi cikin dare tana riƙe da kunne. Na kai ta wurin likitar ina ji da kaina, na riga na san sunan maganin. Ta leƙa, ta matsa robarta, ta ce ciwon ne, kunne ɗaya, kumburin kaɗan, jiki ba zafi sosai. Ta tambaye ni unguwarmu, da ko zan iya dawowa jibi. Na ce zan iya. Ta rubuta farasitamol kaɗai. Na ce, "Likita, shi ke nan? Ko ɗan antibayotik ɗin nan?" Ta yi murmushi ta ce, "Malam, ba ta kwana biyu. In bai lafa ba, ko ya ƙaru, kawo ta, ba sai kun bi layi ba." Na fita raina bai so ba, ina ganin an yi mini rowa. Kashegari yarinyar na tsakar gida tana 'yar gala-gala.

Ba sa'a likitar ta ci ba. Likitocin ƙasar Holan ne suka yi fice da wannan tsarin jira tun shekarun 1980, Amurkawa suka amince da shi a 2004. Binciken da aka tattara ya nuna wajen kashi 60 cikin 100 na yaran da ke da ciwon zafinsu kan tafi cikin sa'a 24, an ba su antibayotik ko ba a ba su ba. Maganin kuma ba ruwan sanyi ba ne: yana kawo zawo, yana kawo ƙuraje, yawan shan sa na koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su bijire masa. A ganina rubuta magani shi ne mafi sauƙin abin da likita zai yi, uba ya tafi yana godiya. Hana shi, kana kallon idon uban da ya biya kuɗin kati, wannan sai wanda ya yarda da abin da idonsa ya gani.

Amma kada a ɗauki jira a matsayin doka. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a jira da shi. Wanda bai kai shekara 2 ba kuma kunne biyu suka kamu, ko mai zubar da mugunya, ko mai zafin 39, ko wanda ya wuce kwana biyu yana fama, duk magani ake ba su nan take. Tambayar da ta yi mini ta unguwa ma ba hira ba ce. Jira na wanda zai iya dawowa ne. Shi ya sa littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, inda sau da yawa ko madubin babu, bai yi maganar jira ba: yaro ɗan ƙasa da shekara 5 mai ciwon kunne, ko mai zubar da mugunyar da ba ta kai kwana 14 ba, a ba shi amoksisilin na kwana 5 da farasitamol, a dawo da shi bayan kwana 5. Ga uwar da ta taso daga ƙauye a bayan babur, da yaro mai rama, wannan shi ne daidai. Sanin wace ƙa'ida ce ta dace da wane yaro, shi ma cikin sana'ar yake.

Wani lokaci dodon yakan gaji ya fashe. Sai ka ga kukan ya tsaya cak, mugunya ta gangaro wuya, gida ya yi ajiyar zuciya a ce ciwo ya fito. Zafin ne ya tafi, ciwon na nan. Ɗan hujin yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni in an kula da shi, kulawar kuma ba wuya: a nannaɗe tsumma mai tsabta mai shan ruwa, ko takarda mai laushi, kamar lagwani, a zura a hankali, in ya jiƙe a zare a sa wani, har kunnen ya bushe, aƙalla sau uku a yini. Ba a naɗa shi a tsinke. Kada ruwan wanka ya shiga. Man ja, man shanu, ruwan albasa, ruwan nono, duk a bar su, domin yanzu ƙofa a buɗe take har cikin ɗakin. Hatta maganin ɗigawa na kanti, akwai masu jantamaisin ko niyomaisin da kan iya lahanta ji in dodon ya huje. Likita ne zai zaɓa. Kunnen da ya wuce mako biyu yana zuba ya koma wani ciwon daban, shi ne wanda ke bin yaro har makaranta yana cin jinsa a hankali.

Ko ba a fashe ba, ruwa yakan saura a ɗakin bayan ciwo ya wuce, a wajen yaro ɗaya cikin goma har wata uku. Ba zafi, ba zazzaɓi, sai dai a kira shi ya ƙi waiwayowa, a ce taurin kai ne, har a kai masa dundu. Wannan ruwan ba ya son antibayotik, lokaci yake so. In ya zarce wata uku sai a auna jin yaron, wani sa'in a sa masa ɗan mitsitsin bututu a dodon don iska ta shiga.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. Kumburi mai zafi a bayan kunne, har kunnen ya turo gaba kamar marfin da aka buɗe, alama ce mugunya ta shiga ƙashi. Sanƙarewar wuya, jijjiga, amai ba ƙaƙƙautawa, barcin da ba a iya tayar da yaro, baki ya karkace gefe ɗaya. Tsakanin rufin wannan ɗan ɗakin da ƙwaƙwalwa siririn ƙashi ne kawai. Abin da babban yatsan likitar ke nema ke nan tun farko, lokacin da na zaci shafa yaron take yi don ya yi shiru.

A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana horar da likitoci da ma'aikatan jinya a wannan fanni, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello kuma suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Sai dai ciwon kunnen jariri ba can yake fara zuwa ba, ƙaramin asibitin unguwa yake zuwa, nan ne ake buƙatar madubin da mai iya riƙe shi. Ta ɓangaren gida kuwa, nono zalla na wata 6 yana rage shi, haka nisanta jariri da hayaƙi, haka allurar rigakafin ciwon huhu da Najeriya ta fara bayarwa a ƙarshen 2014, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, da ta ƙyanda a wata na 9.

Saboda haka iyaye, in an kai yaro asibiti da zazzaɓi bayan mura, musamman in gwajin sauro ya ce babu, kafin ku karɓi takardar magani ku tambaya da ladabi: "Likita, an leƙa kunnen?"